Tim McCarver: Daga Tsugunno a Filin Besbol zuwa Kujerar Sharhi a Talabijin

Wasan besbol yana daga cikin wasannin da mai kallo ba ya gane rabin abin da ke gudana a cikinsu sai da taimakon wanda ya taɓa bugawa, domin mafi yawan gwagwarmayar tana faruwa ne a cikin tunanin 'yan wasa kafin a jefa ƙwallo, abin da ido ke gani bayan an jefa kuwa ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Wannan ne ya sa gidajen talabijin na Amurka, ƙasar da wasan ya girma a cikinta tun ƙarni na 19, suka daɗe suna ɗaukar tsofaffin 'yan wasa suna zaunar da su kusa da mai ba da labarin wasa, domin su warware wa jama'a abin da ya ɓuya musu. A cikin waɗanda suka bi wannan hanya, kaɗan ne suka kai matsayin Tim McCarver, wanda aka haifa a birnin Memphis na jihar Tennessee ranar 16 ga Oktoba, 1941, ya kuma rasu a wannan birni ranar 16 ga Fabrairu, 2023, bayan ya buga kakar wasa 21 a babbar gasar ƙwararru, sannan ya shafe kusan shekara 40 yana sharhi.

Abin da ya fifita McCarver a kan mafi yawan abokan aikinsa shi ne ɗabi'arsa ta faɗin abin da yake ganin zai faru tun kafin ya faru, tare da bayyana dalilinsa a fili, alhali hanya mafi sauƙi ga mai sharhi ita ce ya jira sakamako ya bayyana sannan ya raba yabo da zargi. Ya koyi wannan ɗabi'a ne a matsayin da ya riƙe a fili, wato matsayin mai cafewa, saboda haka duk wanda ke son ya fahimci mutumin sai ya fara fahimtar tsarin wasan da kuma nauyin da ke kan mai wannan matsayi.

Tsarin wasan da aikin mai cafewa

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da 'yan wasa tara, a fili mai faɗi wanda aka shata murabba'i mai zango huɗu a kusurwarsa ɗaya, tsakanin kowane zango da na gaba ƙafa 90. Zango na huɗu, wanda shi ne kuma mafari, ana kiransa gida, kuma a nan mai bugu ke tsayawa riƙe da kulkin katako yana jiran ƙwallon da mai jifa na ɗaya ƙungiyar zai wurgo masa daga kan wani ɗan tudu da ke tsakiyar murabba'in, nisan ƙafa 60 da inci 6, wato kimanin mita 18. Idan mai bugu ya doki ƙwallon ya shiga fili, sai ya yar da kulki ya ruga zuwa zango na farko, kuma duk ɗan wasan da ya zagaya zangunan ya dawo gida ba tare da an fitar da shi ba ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Ana fitar da mai bugu idan an cafe ƙwallon da ya buga tun bai taɓa ƙasa ba, ko ƙwallon ya riga shi isa zango, ko kuma jifa uku masu kyau suka gagare shi duka. Da zarar an fitar da mutum uku sai ƙungiyoyin su yi musayar matsayi, masu tsaron fili su koma bugu, kuma idan kowace ta samu nata rabon an kammala zagaye ɗaya ke nan, irin abin da 'yan dambe ke kira turmi. Turmi tara ake yi a wasa guda, sai dai idan an yi kunnen doki a ƙara.

Mai cafewa shi ne ɗan wasan da ke tsugunne a bayan mai bugu, sanye da garkuwar ƙarfe a fuska da sulke mai laushi a ƙirji da kariya a ƙwauri, hannunsa ɗaya cikin safar fata mai kauri wadda ke tare ƙwallon da gudunsa kan wuce kilomita 145 a awa, ƙwallon da ke isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Shi kaɗai ne cikin mutum tara yake fuskantar filin gaba ɗaya, yana ganin inda kowane abokin wasansa ya tsaya da yadda mai bugu ya dasa ƙafafunsa. A zamanin McCarver, kafin kowace jifa yakan sauke hannunsa tsakanin cinyoyinsa, inda abokan hamayya ba za su gani ba, ya nuna wa mai jifa da yatsu irin jifar da yake so: bisa al'ada yatsa ɗaya na nufin jifa mai tsananin gudu, yatsu biyu kuma jifa mai lanƙwasawa. Yana yin wannan hukunci fiye da sau 100 a wasa ɗaya, a kakar da kowace ƙungiya ke buga wasa 162, kuma kowane hukunci yana buƙatar ya tuna raunin mai bugun da ke gabansa, da abin da aka jefa masa a baya, da kuma ƙarfin da ya rage a hannun mai jifa. Aiki ne na hasashe wanda sakamakonsa ke bayyana nan take a gaban dubban mutane, shi ya sa masu cafewa da yawa suke zama kociyoyi ko masu sharhi idan sun ajiye wasa.

Daga Memphis zuwa St. Louis

McCarver ɗan wani ɗan sanda ne, kuma ya yi fice a wasanni a makarantar sakandare ta Christian Brothers da ke Memphis, har ƙungiyar St. Louis Cardinals ta ɗauke shi a 1959 da kuɗin sa hannu dala 75,000, wanda babban kuɗi ne a wancan zamani. A watan Satumbar wannan shekara ya fara bayyana a babbar gasa yana ɗan shekara 17, ko da yake ya ci gaba da samun horo a ƙananan gasanni har zuwa 1963, lokacin da ya zama mai cafewa na dindindin a ƙungiyar. Babbar gasar ta kasu rukuni biyu, National League da American League, kuma zakarun rukunonin biyu ne ke haɗuwa a ƙarshen kaka a jerin wasannin da ake kira World Series, inda ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kambu.

A 1964 Cardinals ta kai wannan mataki, ta gamu da New York Yankees, ƙungiyar da ta fi kowace tara kambu a tarihin wasan. A wasa na biyar, wanda aka buga a gidan Yankees, an kai turmi na goma ana kunnen doki, sai McCarver ya doki ƙwallo ya tsallake katangar fili alhali abokan wasansa biyu suna kan zango, abin da ya kawo maki uku a take, aka tashi 5 da 2. A wasanni bakwai ɗin ya samu bugu mai kyau, wato wanda ya kai shi zango lafiya, sau 11 a tsayuwa 23, kuma Cardinals ta ɗauki kambu. A 1966 ya fi kowa a rukuninsu yawan bugun da ke kai mutum zango na uku kai tsaye, har sau 13, abin da ke buƙatar gudun da ba a saba gani ba a wurin mai cafewa, wanda tsugunno ke cinye masa gwiwoyi. A 1967 ƙungiyar ta sake ɗaukar kambu bayan ta doke Boston Red Sox, shi kuma ya zo na biyu a zaɓen gwarzon rukuni, bayan abokin wasansa Orlando Cepeda.

Darasi daga masu jifa biyu

Babbar makarantar McCarver ita ce zamansa da Bob Gibson, baƙar fata daga birnin Omaha, wanda yana cikin masu jifa mafi kwarjini da wasan ya taɓa gani. McCarver ya tashi ne a kudancin Amurka a zamanin da doka ke raba farare da baƙaƙe a makarantu da motoci da wuraren cin abinci, kuma babbar gasar kanta ba ta karɓi baƙar fata a wannan zamani ba sai a 1947, lokacin da Jackie Robinson ya shiga. McCarver ya zo St. Louis da tarbiyyar garinsu, ya tarar da ƙungiyar da ginshiƙanta suka haɗa da baƙaƙe irin su Gibson da Curt Flood da Bill White, daga baya kuma Lou Brock. Wani labari da ya shahara game da su biyun shi ne ranar da Gibson ya nemi McCarver ya sam masa abin da yake sha a cikin motar ƙungiya, da gangan, domin ya ga yadda matashin zai yi. McCarver ya yi jim, ya ce zai rage masa. Bai ɓoye wannan ba a shekarun baya, ya kuma sha faɗin cewa Gibson ne ya buɗe masa ido a kan wariyar da ya taso a cikinta, kuma abotarsu ta ɗore har rasuwar Gibson a 2020.

A fagen wasa, Gibson ba ya son a katse shi, kuma an san shi da korar McCarver idan ya taho tudu da shawara, yana ce masa ya koma wurinsa domin abin da kawai ya sani game da jifa shi ne tana da wuyar duka. A 1968, McCarver ne ke tsugunne a gabansa a mafi yawan wasannin kakar da Gibson ya kafa tarihi: a matsakaicin lissafi maki 1.12 kawai ake ci a kansa a kowane turmi tara, kuma a wasanni 13 bai bari an ci ko maki ɗaya ba. A wasan farko na World Series na wannan shekara ya fitar da masu bugu 17 na Detroit Tigers ta hanyar jifa uku-uku, adadin da har yanzu ba a kai ba a wannan mataki, duk da cewa Detroit ce ta ɗauki kambu daga ƙarshe. Rinjayen masu jifa ya yi yawa a wannan kaka, har hukumar wasan ta rage tsayin tudun daga inci 15 zuwa 10 a shekarar da ta biyo baya.

A watan Oktobar 1969 aka yi musayar McCarver da wasu abokan wasansa zuwa Philadelphia Phillies. Ɗaya daga cikinsu, Curt Flood, ya ƙi tafiya, ya shigar da ƙara yana ƙalubalantar ƙa'idar da ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har abada, kuma ko da yake Kotun Ƙolin Amurka ba ta ba shi gaskiya ba a 1972, ƙarar tasa ta share fagen 'yancin sauya ƙungiya da 'yan wasa suka samu bayan 'yan shekaru. McCarver kuwa ya shiga shekarun yawo: Philadelphia, Montreal a Kanada, St. Louis a karo na biyu, sannan Boston, har ya zamana a tsakiyar 1975 ana ganin wasansa ya zo ƙarshe.

Abin da ya tsawaita masa rayuwa a fili shi ne fahimtarsa ga mutum ɗaya, Steve Carlton, bahagon mai jifa mai ƙarancin magana wanda suka san juna tun St. Louis. Da Phillies ta sake ɗaukar McCarver a 1975, sai ya zama mai cafewa na musamman ga Carlton, wanda shi ma yake ƙungiyar a lokacin, yana fitowa a ranakun da zai yi jifa, kuma ya dage masa a kan ya yawaita amfani da jifarsa mai sulɓewa, wadda ke tahowa kamar miƙaƙƙiya sannan ta goce ƙasa da gefe a daidai lokacin da mai bugu ya riga ya saki kulki. A 1977 Carlton ya ci wasa 23, ya karɓi lambar Cy Young da ake bai wa mai jifan da ya fi kowa a rukuni. McCarver kan ce idan sun mutu za a binne su da tazarar ƙafa 60 da inci 6 a tsakani. Zamansa da Gibson ya koya masa yadda gwani ke tunani a tsakiyar matsi, zamansa da Carlton kuma ya nuna masa cewa ilimin da ke kansa ya fi ƙarfin da ya rage a jikinsa daraja.

Shiga ɗakin sharhi

Ya ajiye wasa a ƙarshen kakar 1979, ya fara sharhin wasannin Phillies a 1980, sai dai ƙungiyar ta mayar da shi fili na 'yan wasanni a watan Satumbar wannan shekara, domin sunansa ya shiga cikin 'yan ƙalilan da wasansu ya ratsa shekarun 1950 da 1960 da 1970 da 1980. Ya kammala da wasa 1,909 da bugu mai kyau 1,501. Sana'ar da ya shiga tana da tsari sananne: mutum biyu ne ke zama a ɗakin sharhi a saman filin, ɗaya ƙwararren ɗan jarida mai faɗin abin da ke faruwa jifa bayan jifa, ɗayan kuma tsohon ɗan wasa mai cike giɓin da ke tsakanin jifa da jifa da bayani. Tun bayan wasan farko na babbar gasa da aka nuna a talabijin a 1939, tsofaffin 'yan wasa irin su Dizzy Dean da Joe Garagiola sun riƙe wannan kujera, amma galibi an fi sanin su da raha da labaran zamanin da suka yi wasa. Bob Uecker, wanda shi ne mataimakin McCarver a matsayin mai cafewa a Cardinals ta 1964, ya yi suna ta hanyar barkwanci.

McCarver ya ɗauki wata hanya daban, ya mayar da kujerar ta zama ta koyarwa. Daga 1983 zuwa 1998 ya yi sharhin wasannin New York Mets tare da tsohon gwanin bugu Ralph Kiner, a tashar da ake kamawa a sassa da dama na ƙasar, kuma a nan ne masu kallo suka fara jin mai sharhi yana nuna musu cewa mai tsaron gefen fili ya ja baya fiye da kima, ko mai cafewa ya matsa kusa da jikin mai bugu saboda haka jifa ta ciki ke tafe, ko kuma mai jifa ya fara sauke kafaɗa, alamar gajiya. Kyamarar da ake kafawa can bayan mai jifa tana nuna yatsun mai cafewa, kuma McCarver yana karanta su yana faɗa wa mai kallo dalilin zaɓen. A 1985 tashar ABC ta zaunar da shi tare da Al Michaels da Jim Palmer a World Series ɗinsa na farko a matsayin mai sharhi, kuma yana tsakiyar magana kai tsaye ranar 17 ga Oktoba, 1989, lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa yankin San Francisco daf da fara wasa na uku na World Series na wannan shekara, hoton ya yanke, aka ɗage gasar kwana goma. Daga 1990 zuwa 1993 ya yi aiki da CBS, inda ya zauna da Jack Buck na shekara biyu, ya kuma kasance cikin masu gabatar da wasannin Olamfik na hunturu na 1992 da aka yi a Albertville ta Faransa. Daga 1996 zuwa 2013 ya zauna a tashar Fox tare da Joe Buck, ɗan Jack Buck. A jimla ya yi sharhin World Series sau 24.

Daren 4 ga Nuwamba, 2001

Lokacin da ya fi bayyana salon aikinsa ya zo ne a wasa na bakwai na World Series na 2001 a birnin Phoenix, tsakanin Arizona Diamondbacks da Yankees, wadda ke neman kambu na huɗu a jere. An shiga rabin ƙarshe na turmi na tara Yankees na gaba da 2 da 1, ƙwallo kuma yana hannun Mariano Rivera, ɗan ƙasar Panama, wanda ake ɗauka a matsayin gwanin gwanayen rufe wasa. Arizona ta farke, sannan ta cika zanguna uku da 'yan wasanta alhali mutum ɗaya kawai aka fitar, ma'ana maki ɗaya zai ƙare gasar. Kocin Yankees, Joe Torre, wanda tsohon abokin wasan McCarver ne a St. Louis, ya umarci masu tsaron cikin fili su matso kusa da gida, domin idan ƙwallo ya gangaro a ƙasa su samu damar tsinta su jefa gida kafin mai gudu daga zango na uku ya iso. Dabara ce da mafi yawan kociyoyi za su yi a irin wannan hali.

Luis Gonzalez na Arizona, wanda ke bugu da hagu, yana tsaye a gida lokacin da McCarver ya bayyana wa masu kallo hatsarin da ke cikin dabarar. Ya ce jifar Rivera tana kutsawa ne zuwa jikin bahagon mai bugu, ta sami kulki kusa da marikinsa inda ba shi da ƙarfi, sau da yawa ma ta karya shi, kuma sakamakon haka shi ne ƙwallo mai rauni da ke ɗan tashi sama ya sauka a bayan masu tsaron ciki, daidai wurin da aka bari babu kowa. Bai daɗe da rufe baki ba sai Gonzalez ya doki irin wannan ƙwallo, ya tsallake kan Derek Jeter, ɗaya daga cikin masu tsaron ciki na Yankees, ya sauka a gefen ciyawa, Jay Bell da ke zango na uku ya shigo gida, Arizona ta ci 3 da 2. Da Jeter yana tsaye a wurinsa na kullum, da mai yiwuwa ya cafe shi. Wannan hasashe ya fito ne daga ƙwarewar mutumin da ya yi shekaru yana cafe wa manyan masu jifa, yana jin ƙarar kulki idan ƙwallo ya same shi a mummunan wuri, kuma muhimmancinsa shi ne miliyoyin mutane sun kalli wannan bugu suna sane da abin da ya sa ya faru.

Kuɗin faɗin gaskiya

Tsohon ɗan wasan da ya koma sharhi yana tsaye ne tsakanin amana biyu: ta abokan sana'arsa na da, waɗanda ke ganin bai kamata ɗan gida ya tona asirin gida ba, da ta mai kallo, wanda ya ba shi kunnensa domin ya ji gaskiya. McCarver ya zaɓi ta mai kallo, kuma gaskiya ɗaci gare ta. A 1992 ya soki Deion Sanders na Atlanta Braves a kan barin ƙungiyarsa a tsakiyar wasannin share fagen World Series domin ya je ya buga ƙwallon zari-ruga irin na Amurka a wani birni, kuma bayan Atlanta ta yi nasara Sanders ya watsa masa ruwan ƙanƙara sau da dama a ɗakin 'yan wasa. Bayan kakar 1998 Mets ta rabu da shi duk da shekara 16 da ya yi mata, ta maye gurbinsa da tsohon gwarzonta Tom Seaver, kuma jaridu da dama sun danganta hakan da yadda yake sukar dabarun ƙungiyar a bainar jama'a. Yankees ta ɗauke shi daga 1999 zuwa 2001, ya kuma yi wa San Francisco Giants aiki a 2002.

Masu kallo ma ba duka ne suka yaba masa ba, kuma wasu koke-kokensu suna da tushe. An zarge shi da yawan magana, da maimaita bayani ɗaya har ya gunduri wanda ya riga ya san wasan, da son wasa da kalmomi a inda shiru ya fi dacewa. A shekarunsa na ƙarshe a Fox an samu sabon ƙarni na masoya wasan da ke auna komai da lissafin kwamfuta, waɗanda ke ganin ilimin da ya dogara ga ido da ƙwarewa ya tsufa. Akwai kuma lokutan da hasashensa bai tabbata ba, kuma wannan ba makawa ne ga mai magana kafin sakamako, domin wanda ya jira abu ya faru sannan ya yi bayani ba ya taɓa kuskure, amma kuma ba ya ƙara wa mai sauraro abin da idonsa bai riga ya gani ba. Dole ne kuma a tuna cewa masu kallon World Series sun haɗa da miliyoyin da ba sa kallon besbol sai sau ɗaya a shekara, kuma bayanin da ke gundurar masani shi ne ke riƙe baƙo a gaban akwatin.

Abin da ya bari

A 2012 cibiyar karrama gwarazan besbol da ke Cooperstown a jihar New York ta ba shi lambar Ford C. Frick, wadda ake bai wa mai watsa labaran wasan da ya yi hidima ta musamman. World Series ɗinsa na ƙarshe, a 2013, ya haɗa ƙungiyoyi biyu da ya taɓa buga wa wasa, Boston da St. Louis, kuma Boston ce ta yi nasara. Daga 2014 zuwa 2019 ya koma inda ya fara, yana sharhin wasu daga cikin wasannin Cardinals ga mutanen yankin, ƙungiyar kuma ta sanya shi cikin jerin gwarazanta a 2017. Ya rubuta littattafai a kan dabarun wasan, ya kuma gabatar da shirin hira da 'yan wasa na shekaru masu yawa.

A 2022, shekarar da ya sanar da ajiye aiki gaba ɗaya, hukumar babbar gasa ta amince da wata 'yar na'ura da mai cafewa ke ɗaurawa a hannu ko a gwiwa, yana danna maɓalli saƙo ya isa kunnen mai jifa ta cikin hularsa, domin a hana abokan hamayya satar alamun yatsu. Da wannan sauyi, yatsun da McCarver ya yi shekaru yana karanta wa jama'a sun kusan ɓacewa daga allon talabijin, shawarar da ke gudana tsakanin mai jifa da mai cafewa ta ƙara nisa daga idon mai kallo. Allon ya cika da alƙaluma masu nuna gudun ƙwallo da yawan juyawarsa, amma alƙaluman suna bayyana ne bayan ƙwallo ya bar hannu. Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan jifa ga wannan mai bugu a wannan lokaci yana nan a wurin wanda ya taɓa tsugunnawa a bayan gida, kuma mai kallo ba zai same shi ba sai an samu tsohon ɗan wasa da ya yarda ya faɗe shi da wuri, ya kuma ɗauki nauyin kuskurensa idan bai tabbata ba, kamar yadda McCarver ya yi na kusan shekara 40.